Saitin na'urar gudu a tseren motocin rimot na kan kafet: inda ake cin sakan da inda ake zubar da shi

Da zarar hunturu ya kama a Amurka da Turai, ƙanƙara ta rufe filayen waje, masu tseren ƙananan motocin rimot sai su tattara komatsansu su koma cikin gini. A shimfiɗa kafet a zauren otal ko ɗakin wasanni ko tsohon sito, a jera katako da bututun roba, a fitar da hanya mai kwana goma sha wani abu. A Cleveland ana gudanar da gasar cikin gini ta Amurka duk ƙarshen Nuwamba tun shekarun 1980. Akwai Snowbird Nationals a Fulorida a farkon shekara, akwai wata babba a Las Vegas, a Turai kuma akwai jerin gasannin ETS da ke zagaya Jamus da maƙwabtanta. Motocin nan ba na wasan yara ba ne. Mai girman kashi 1 bisa 10 na motar gaske, wadda ƙafafunta huɗu duk ke ja, nauyinta ya ɗan haura kilo 1.3. Ƙaramar, ta kashi 1 bisa 12, doka ta ce kada ta gaza giram 730. Zagaye ɗaya a irin wannan fili yakan ci sakan 10 zuwa 12, miƙaƙƙiyar hanya ɗaya tilo da ke cikinsa kuwa sakan biyu ya ishe ta.

A fili mai wannan ƙunci, motar da ta fi kowace gudu a miƙe ba ta da wata babbar riba. Mafi yawan lokacin zagaye yana tafiya ne wajen shiga kwana da fita daga cikinta, daidai inda yatsan direba ke sakin kunamar rimot ko matsa ta. Tsakanin wannan yatsa da taya akwai wani ɗan akwati da faɗinsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, na'urar gudu, wadda 'yan wasan ke kira ESC. Ita ke karɓar umarnin rimot ta yanke nawa za a sakar wa inji daga wutar batir, da wane sauri, kuma a wane lokaci. Sabon shiga yakan buɗe jerin saitinta ya ga abubuwa sun haura 20, sai ya ɗauka kowanne ƙofar ƙarin ƙarfi ce, ya ɗaga duk abin da ke ɗaguwa. A ganina nan ake fara ɓata. Taya da kafet suna da iyakar ƙarfin da za su iya kamawa, inji yana da iyakar zafin da zai iya ɗauka cikin minti 5 na tsere guda, kuma babu saitin da ke matsar da ko ɗaya daga cikin iyakokin nan biyu. Aikin saiti shi ne ya bi da wuta ta tsakaninsu yadda direba zai maimaita zagaye iri ɗaya sau 27 bai goga katako ba.

Injin da ake tsere da shi a yau ba shi da gawayi irin na injinan da. Koyil uku ne a jikin gwangwani, ba sa motsi, sai rota, sandar maganaɗisu, tana juyawa a tsakiyarsu. A bayan injin akwai ƙananan sensa uku da ke sanar da na'urar inda rotar ta fuskanta, ta wata siririyar waya mai jijiya 6. Ita kuma na'urar tana da makunnan lantarki da take bai wa koyil wuta da su biyu-biyu, bi da bi, mataki 6 a kowane juyi. Injin da ke juyi 30,000 a minti yana yin 500 ke nan a sakan, wato sauyin koyil 3,000 a sakan guda, kuma kowanne sai ya faɗa a muhallinsa. Idan direba ya ba da rabin totur, na'urar ba ta da wata hanyar rage ƙarfin batir, sai dai ta yayyanka wutar, kunna-kashe sau dubbai a sakan. In rabin lokacin tana kunne, injin zai ji kamar rabin wutar aka ba shi. Duk tsawon jerin saitin nan, idan ka tace shi, abu uku yake taɓawa: yadda ake yanka wutar, yadda ake taka birki, da lokacin da ake kunna kowane koyil.

Kafin a kai hannu ga ko ɗaya akwai aikin da ba shi da daɗin labari. Sai na'urar ta koyi rimot ɗin da za ta yi aiki da shi. A mayar da iyakar totur da ta birki a rimot zuwa kashi 100, a nuna wa na'urar inda firi yake, inda cikakken totur yake, inda cikakken birki yake. Wanda ya sauya rimot bai sake wannan ba zai iya wuni yana neman ƙarfin da ya ɓace, alhali na'urar ce ba ta taɓa ganin cikakken totur daga hannunsa ba. A kashe ribas, domin dokar tsere ta hana. A matse faɗin firi gwargwadon yadda kunama za ta ƙyale: in ya yi faɗi akwai ɗan mataccen wuri kafin mota ta amsa, in ya matsu fiye da kima sai ta riƙa rarrafe da kanta a layin tashi.

Saitin da kowa ke fara taɓawa shi ne fizga, wato saurin da na'urar ke bin yatsa idan an matsa kunama. A manyan na'urorin Hobbywing, kamfanin Shenzhen da kayansa suka cika teburan 'yan tsere, matakinsa daga 1 ne zuwa 30. Ba ya ƙara wa inji komai a ƙololuwa. Abin da yake yi kawai shi ne, idan yatsa ya tashi daga sifili zuwa ƙarshe a lokaci guda, ko na'urar ta bi shi nan take ko ta hau a hankali. A ajin sitok, inda doka ta ƙayyade inji mai naɗi 17.5 ko 21.5 (naɗi shi ne yawan zagayen waya a koyil, gwargwadon yawansa gwargwadon raunin injin), injin ba shi da ƙarfin da zai kwace taya daga kafet mai kamu, don haka yawanci ana barin fizga a sama. A buɗaɗɗen aji, inda doka ba ta ƙayyade yawan naɗi ba, labari ya sha bamban. Inji mai naɗi 4.5 juyinsa yana haura 50,000 a minti in ba kaya a kansa, kuma idan aka sakar masa wuta gaba ɗaya a bakin kwana, ƙafafun huɗu za su murza a banza, bayan motar ya watse gefe. Sai a rage. To amma akwai rami a nan da mutane da yawa ke faɗawa. Fizgar da aka rage sosai jinkiri ce, kuma yatsan da ya saba da jinkiri yakan daina auna totur, sai dai ya danne da wuri ya jira. Ƙarshenta wutar ta iso a lokacin da na'ura ta zaɓa, ba lokacin da direba ya zaɓa ba. Idan farkon totur ne kaɗai ke da zafi, gara a lanƙwasa layin totur, wato yadda wuta ke ƙaruwa da tafiyar kunama, a rimot ko a na'urar, a tausasa kashi na farko na tafiyar kunama, a bar sauran yana amsawa da gaggawa.

Saurin kunna-kashe kuwa shi ne saitin da aka fi yi wa tatsuniya. A na'urori da yawa ana iya zaɓa daga kilohaz 1 ko 2 har zuwa 32. Idan adadin ya yi ƙasa, kowane yankin wuta yana da tsawo, wutar da ke cikin koyil tana hawa da sauka sosai, sai direba ya ji motar tana da zafin nama a ƙasa-ƙasa. Idan ya yi sama, yankunan sun yi ƙanana, wutar ta daidaitu, totur ya yi laushi a hannu, amma makunnan na'urar suna ƙara ɗumi, domin kowane kunnawa da kashewa yana zubar da ɗan ƙarfi. Abin da ake yawan mantawa shi ne, a cikakken totur babu yanka kwata-kwata, wuta a kunne take ɗungurungum. Saboda haka duk wanda ya ce maka ya sauya wannan adadi motarsa ta ƙara gudu a ƙarshen miƙe, to ko dai ya fita daga kwanar da ta gabata da kyau ne fiye da da, ko kuwa kunnensa ne ya gaya masa.

Kafet ɗin kansa ba ya zama yadda aka same shi. Kafin kowane tsere direbobi suna shafa wa tayoyi wani ruwa mai tausasa roba, su bar shi ya jiƙa, su goge. Wannan ruwa da ɓurɓushin roba suna shiga zaren kafet zagaye bayan zagaye, har layin da motoci ke bi ya fita daban da sauran fili. A babbar gasa, kafet ɗin da ke santsi ranar farko yakan zama mai kamu ƙwarai ranar ƙarshe. Baƙin kafet na kamfanin CRC da ke jihar New York, wanda filaye da yawa a Amurka ke shimfiɗawa, ya yi suna wajen yawan kamu, har motar da ta shiga kwana da zafi takan ɗaga ƙafafun ciki ta kife, ba tare da ta taɓa komai ba. Ma'ana, saitin da ya yi daidai da safiyar Juma'a ba lalle ya kai Lahadi ba. A kan santsi ana tausasa totur don kada taya ta murza. A kan kamu mai yawa ana iya sakin totur, amma sai a koma a tausasa birki, domin yanzu abin tsoro shi ne nauyi ya faɗa kan ƙafar gaba ta waje farat ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga birkin saki, wanda ni a wurina ya fi duk sauran tasiri a ƙaramin fili. Injinan da masu gawayi suna da ja na kansu: da ka saki totur gawayin da ke gogar tagulla zai rage wa motar gudu. Injin yau in ka sake shi sai ya yi ta sulalewa. Don haka na'urar take ƙirƙirar ja, ta haɗa bakin koyil da juna na ɗan kashi na lokaci duk sa'ad da kunama ke firi, injin ya koma yana samar da wuta yana turje wa juyinsa. Amfanin wannan ya wuce rage gudu. Idan mota ta ɗan ja baya, nauyinta yana zubowa gaba, tayoyin gaba su danne kafet, hancin motar ya shige kwana.

Dubi abin da ke faruwa a kwana biyu masu bin juna, dama sannan hagu, da tazarar da ba ta fi tsawon mota huɗu ba. Direba ya fito daga ta farko da totur, ya saki, ya murza sitiyari. Ba shi da lokacin tura kunama gaba don taka birki, duk abin bai kai rabin sakan ba. In birkin saki sifili ne, motar tana sulalewa da nauyinta a baya, hancin ya ƙi shiga, ta buɗe kwanar da faɗin tafin hannu, sai ta iso ta gaba a karkace. In kashi 10 ne, hancin ya duƙa ya kama, ta bi gindin katako. In kashi 25 ne, ta shige da wuri fiye da yadda aka nufa, ta kusa tsayawa a tsakiyar kwana, dole direba ya sake ba da totur ya kuma gyara sitiyari. A buɗaɗɗen aji wannan asara ba ta da zafi sosai, akwai ƙarfin da za a maido da gudun. A sitok kuwa duk gudun da ka zubar a tsakiyar kwana, injin mai rauni zai bi rabin hanyar gaba yana biyan bashinsa, shi ya sa gwanayen sitok da yawa ke barin birkin saki ƙasa ƙwarai, wasu ma a sifili, su shiga kwana da sulale. Motar kashi 1 bisa 12 kuma tata matsalar daban ce: ƙafafun baya kaɗai ke ja, su kaɗai ke birki, kuma daidai lokacin da nauyi ya bar su ne ake ce musu su riƙe. In aka cika mata, sai baya ya wuce gaba.

Ina da ƙorafi guda game da yadda ake amfani da wannan saiti. Sau da yawa motar da ke ƙin shan kwana ciwonta yana jikin sifirin ne ko man shokoba ko tsayin mota daga ƙasa, amma tunda birkin saki danna maɓalli biyu ne, gyaran ƙafa kuwa sai an kwance kusoshi, sai a ƙara kashi 5 a ce an warke. Hancin zai shiga, gaskiya ne. Amma an saye shi da gudun tsakiyar kwana da kuma ƙarin zafi, domin duk wutar da injin ya samar yana turjiya a cikin koyil da makunnai take ƙonewa.

Birkin da ake takawa da gangan, ta tura kunama gaba, yana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani. Tunda ƙarfinsa daga juyin injin yake fitowa, ya fi tsanani a lokacin da mota ke kan ganiyar gudu, yana kuma raguwa yayin da take lafawa. Shi ya sa kullewar taya ke faruwa a farkon takawa a ƙarshen miƙe, can kusa da kwana kuma birkin ya zama kamar babu. Ana iya rage iyakarsa a na'urar, amma ya fi sauƙi a bar shi sama a can a rage daga rimot, domin wannan ana iya gyara shi daga kan dandamalin direbobi lokacin zagayen ɗumama taya. Shi ma yana da nasa saurin kunna-kashe: ƙasa ya ba da birki mai cizo, sama ya ba da mai laushi.

Sai taimin, inda ƙarfi na gaske yake, inda kuma injuna ke mutuwa. Duk bakaniken da ya taɓa murɗa distiributa a tsohuwar Fijo ya san cewa filogi yana ba da wuta ne kafin fistin ya kai ƙololuwa, domin mai yana buƙatar lokaci ya kama, kuma gwargwadon saurin inji gwargwadon yadda za a gabatar da wutar. Haka abin yake a nan. Koyil ba ya cika da wuta nan take. A ƙaramin juyi wannan jinkiri ba komai ba ne, amma a juyi 30,000 kowane mataki kashi ɗaya ne bisa 3,000 na sakan, kafin wutar ta cika rota ta riga ta wuce inda ya kamata a tura ta. Ƙari a kan haka, rotar da ke juyawa tana haifar da tata wutar mai adawa da ta batir, wadda ke ƙaruwa da gudu har ta kusa kamo ta, nan ne injin ke cin iyakarsa. Idan aka kunna koyil da wuri, wutar tana isowa a kan kari, adawar kuma ta ɗan ragu, sai juyi ya ƙaru. Farashinsa yana ƙasa. A ƙaramin juyi, wutar da aka gabatar tana tura rota ta kusurwar da ba daidai ba, injin ya sha wuta mai yawa ya ba da ƙarfi kaɗan, ragowar ta zama zafi. Zafin koyil kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wuta: in wutar ta ninka biyu, shi ninki huɗu yake yi.

Masu ƙera na'urori sun ga cewa ba dole a zaɓi taimin ɗaya a zauna a kansa ba, tunda na'urar ta san saurin injin a kowane lokaci. Daga nan aka sami bust, taimin da ke hawa tare da juyi. Ka ce mata ta fara a juyi 5,000 ta gama a 20,000 da digiri 30, sai ta riƙa ƙara digiri ɗaya a kowane juyi 500. Injin ya tashi da ƙarfinsa na ƙasa, ya kuma sami na sama. Inda ake kuskure shi ne fara shi da wuri. In bust ya fara shigowa tun mota tana tsakiyar kwana, direba yana riƙe da rabin totur amma ƙarfi yana ƙaruwa da kansa a ƙarƙashin yatsansa, ga kuma zafi. Mota mai bust tana kuma bukatar giya mai sauƙi fiye da marar shi, don injin ya yi saurin fita daga ƙaramin juyi zuwa inda taimin ke da amfani.

Turbo kuma ƙarin taimin ne da ba ya shigowa sai kunama ta kai ƙarshe ta zauna can na wani ɗan lokaci da aka ƙayyade. An yi shi ne don miƙe. A babban filin kwalta na waje yana da ma'ana ƙwarai. A cikin gini, inda miƙen bai fi sakan biyu ba, lissafin yakan tsuke: jinkirin ya ci wani kashi, hawan digirin ya ci wani, abin da ya rage na cikakken turbo bai taka kara ya karya ba, ga shi kuma motar ta iso ƙarshen miƙe da gudun da dole a fara birki da wuri. In aka gajarta jinkirin don a ci moriyarsa, sai ya riƙa faɗowa a cikin kwane-kwane duk inda direba ya ɗan danne totur, motar ta zabura ta nufi katako. Ni dai a ƙaramin fili na fi yarda da turbo kaɗan mai hawa a hankali, ko a bar shi gaba ɗaya a sa ƙarfin a bust, inda aƙalla ana iya hasashen lokacin zuwansa.

Wannan taimin na cikin na'ura ya taɓa hargitsa ajin sitok. A wajajen 2009 da 2010 kamfanoni irin su Tekin suka riƙa fitar da sababbin manhajoji, injin da aka ƙayyade don ya zama mai sauƙin tuƙi ya koma yana gudun da ya kusa na buɗaɗɗen aji, wanda bai zo fili da kwamfuta da sabuwar manhaja ba kuwa ya zama ɗan rakiya. Hukumomin wasan, ROAR a Amurka da takwarorinta a Turai, suka fito da ƙa'idar da ake kira bilinki: na'urar ba za ta ƙara ko digiri ɗaya a kan abin da sensa ta faɗa ba, kuma dole wata 'yar fitila a jikinta ta riƙa ƙyaftawa don shaida. A teburin bincike kafin tsere za ka ga jami'i ya ɗora mota a sikeli, ya sa mita a batir ya tabbatar bai haura volt 8.4 ba, ya kunna ta ya leƙa ƙarƙashin murfi yana neman ƙyaftawar. Har akwai na'urori irin Justock da aka ƙera ba su da taimin ɗin ma sam.

Ƙa'idar ta yi aikinta, amma ba ta kashe gasar kuɗi ba, ƙaura ta sa ta yi. Tunda na'ura ba ta da abin bayarwa, sai ido ya koma kan injin da ya fi ƙarancin turjiya a koyil, rotar da ta fi ƙarfin maganaɗisu, batirin da ya fi riƙe wuta. Shi ya sa wasu gasanni, ETS na cikinsu, suka ƙara matsa wa a ajin sitok da tilasta inji da na'ura iri ɗaya ga kowa, har da iyakar giya.

A bilinki abin da ya rage a hannun direba shi ne taimin na jikin inji, wanda ake samu ta sassauta kusoshi uku a murɗa murfin baya da ke ɗauke da sensa, sai kuma giya. Su biyun igiya ɗaya ce ta ɗaure su, wato zafi. Lissafin giya ba wuya: a raba haƙoran babbar giya da na ƙaramar, a ninka da rabon da ke cikin motar, wanda a motoci da yawa 1.9 ne. Babba mai haƙora 96 da ƙarama mai 48 sun ba da 2, a ninka da 1.9, an sami 3.8, wato injin ya juya sau 3.8 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan yana cikin yankin da ake yawan gani da inji mai naɗi 17.5. A buɗaɗɗen aji adadin yakan kai 7 ko 8. Ƙara haƙori ɗaya a ƙaramar giya yana ƙara gudu ya ƙara wa inji kaya, ƙara digiri biyu na taimin shi ma haka, kuma taimin jikin inji ba ya jiran juyi ya hau, yana nan tun daga tashi.

Mai yanke hukunci shi ne ma'aunin zafi. Da an busa ƙarshen tsere, direba ya sauko daga dandamali, abin da zai fara yi shi ne cire murfin mota ya nuna ɗan ma'aunin a jikin gwangwanin inji, tun kafin fanka ta sanyaya shi. Yawancinsu suna son ganin digiri 70 zuwa 75 a ma'aunin Salshiyas, in ya haura 80 hankali ya tashi. Dalili biyu ne. Tagulla tana ƙara turjiya idan ta yi zafi, maganaɗisu kuma yana raguwa, don haka injin da aka cika wa kaya yakan yi fice a minti na farko ya yi laushi a na huɗu. Na biyun ya fi muni: in zafin ya wuce kima, maganaɗisun rota ba ya dawowa daidai ko bayan ya huce, sai an sayi wata. A lura kuma cewa lambar da aka gani bayan zagaye 10 na gwaji ba ta gaya maka komai game da minti 5 cikakku, balle minti 8 da motocin kashi 1 bisa 12 ke yi a kan batir mai ɗaki ɗaya.

Duk waɗannan sauye-sauye, hannu da kunne ba su isa su auna su ba, domin motar da ke zabura tana ƙara kullum ji ake kamar ta fi gudu. Kowace mota tana ɗauke da 'yar na'urar ƙirga zagaye, galibi ta kamfanin MyLaps na ƙasar Holan, kuma bayan tsere ana samun lokacin kowane zagaye ɗaya bayan ɗaya. Idon sabon shiga kan zagaye mafi sauri yake faɗawa. Wanda ya daɗe yana duba tazarar da ke tsakanin mafi saurin da matsakaicin duka, sannan ya kwatanta biyar na farko da biyar na ƙarshe. A ce saiti mai zafi ya ba ka kashi ɗaya bisa 10 na sakan a kowane zagaye. A zagaye 27 ka tara sakan 2.7. Kifewa guda, da jiran mai tsaron hanya ya rugo ya ɗaga motar ya ajiye ta daidai, takan cinye wannan har da ƙari. Idan saitin ya sa kana kifewa sau ɗaya a kowane tsere, asara kake yi, ko da allon ya nuna sunanka a kan zagaye mafi sauri na ranar. In kuma biyar na ƙarshe sun fi na farko jinkiri da kashi 3 ko 4 bisa 10 na sakan, a fara tuhumar zafin inji da tayoyi kafin a zargi direba.

Don lambobin su yi magana, sai a sauya abu ɗaya a lokaci guda, da batir mai caji iri ɗaya, da tayoyin da tsufansu ya yi daidai, a kuma rubuta. Wannan yana da wuya a aikace fiye da a baki, tunda kafet ɗin yana sauyawa tsakanin gwaji da gwaji, abin da ka ɗauka nasarar saiti ce wataƙila kamu ne ya ƙaru ga kowa. Hanyar rage ruɗun ita ce a riƙa duba lokacin wani direba mai daidaito da bai taɓa motarsa ba, a ga ko shi ma ya matsa.

Kamfanoni suna wallafa takardun saitin direbobinsu bayan manyan gasanni, mutane kuma suna kwafe su lamba bayan lamba. Takardar ba ƙarya take ba, amma ba ta ɗauke da yatsan mai ita. Gwanin da ke iya auna kashi 30 na totur a tsakiyar kwana ya riƙe shi daram zai ji daɗin fizga mai tsanani da birkin saki kusan sifili, domin shi da kansa yake yin aikin da saitin zai yi wa wani. Direban kulob da yatsansa bai san komai ba sai saki da dannewa, in ya ɗauki wannan saiti, motar za ta fi ƙarfinsa tun kwana ta biyu. Abin da ya cancanci ɗauka daga takardar shi ne giya da taimin a matsayin mafari, su ma bayan an kwatanta tsawon miƙen can da na nan da kuma ɗumin ɗakin. Fizga da layin totur da birkin saki kuwa sai an koma kan kafet an nemo su da takardar zagaye a hannu.